Babi na Bakwai: Jinin da Ya Dawo Bayan Tsufa

A ƙauyukan da ke tsakanin Bichi da Ɗambatta, idan jini ya dawo wa macen da ta shekara biyar ko goma da ɗauke al'ada, ba likita ne ke fara jin labarin ba. Sau da yawa ko mijinta ba ya ji. Abin da ke fara damunta shi ne salla: ta yi, ko ta dakata? Sai ta raɗa wa matar malam, ko malamar Islamiyyar matan aure, a kai tambaya a kawo amsa. Amsar kuwa malaman Malikiyya sun daɗe da shimfiɗa ta. Jinin 'yar shekara saba'in ba haila ba ne, wadda ke tsakanin hamsin da saba'in kuma a tambayi mata masu sani. In ba haila ba ne, to jinin ciwo ne, ta yi tsarki ta ci gaba da ibadarta. Hukuncin ya warware mata batun salla, hankalinta ya kwanta, magana ta tsaya a nan. Da wuya a sami wanda zai ɗora da tambayar wane irin ciwo ne.

Daga nan sai dabarun ɓoyo. Ta yage tsohon zane ta yi ƙunzugu, abin da ta ɗauka ta yi bankwana da shi. Ta wanke bayan lisha, lokacin da matan 'ya'yanta suka shige ɗaka, ta shanya a bayan gado maimakon igiyar tsakar gida. In ƙarni ya fara tashi ta ƙara turaren wuta. In wani ruwa-ruwa ya biyo baya ta ce sanyi ne, ta aiki jika kemis ya sayo kafso, ko ta jiƙa sassaƙe. Wanda ke riƙe da kuɗin motar zuwa asibiti kuwa galibi ɗanta ne na fari, wanda ko sunansa ba ta faɗa. Da wane baki za ta gaya masa ta inda jini ke fita? Sai ranar da jiri ya kwashe ta a bakin murhu, ko 'yarta ta zo ganin gida ta ce, "Inna, me ya same ki kika yi fari haka?" sannan zance ya fito, bayan an ci watanni.

Yawancin irin wannan jini ba sankara ba ce. Tsufa kan sa fatar cikin mahaifa da ta gaba ta yi siriri ta bushe har ta riƙa tsattsafo da jini, wani lokaci kuma ɗan tsiro ne marar lahani. A 2018 masu bincike a Cibiyar Nazarin Sankara ta Amurka suka tattara nazari sama da 100 daga ƙasashe daban-daban, suka fito da alƙaluma biyu da ya kamata duk malamar asibiti ta riƙe. Cikin matan da suka ga jini bayan ɗaukewar al'ada, kimanin kashi 9 cikin 100 ne aka samu da sankarar cikin mahaifa. Cikin waɗanda ke da sankarar kuwa, kusan kashi 90 da wannan jinin ta fara bayyana. Ciwo ne da ke yin sallama tun da wuri, kuma aikin likita shi ne ya tsamo mace ɗaya daga cikin goma sha ɗaya ba tare da ya wahalar da sauran goman ba.

Sai mu rarrabe abu biyu da rediyo kan haɗa su a suna ɗaya. Akwai sankarar bakin mahaifa, wadda ƙwayar cutar HPV ke haddasawa. Ita ce babbar annoba a wurinmu: ƙiyasin 2020 ya nuna tana kama mata kimanin 12,000 a Najeriya duk shekara, tana kashe kusan 8,000, kuma dominta aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafi a watan Oktoban 2023. Akwai kuma wadda wannan babi ke magana a kai, mai tasowa daga shimfiɗar da ke lulluɓe cikin mahaifa, wato fatar nan da ke kauri duk wata sannan ta zube ta zama jinin al'ada. A 2020 ta kama mata kimanin 417,000 a duniya, ta yi ajalin kimanin 97,000. Ƙiba ce babbar ƙawarta, domin bayan ɗaukewar al'ada kitsen jiki yana ci gaba da samar da sinadarin istirojin mai kumbura shimfiɗar. Ciwon suga da rashin haihuwa da jinkirin ɗaukewar al'ada duk suna ƙara haɗari. Yawan haihuwa kuwa kariya ne, kuma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sa matsakaicin haihuwar mace a Jihar Kano a 6.5. Saboda haka macen karkara da ta haifi takwas, ta tsufa tana daka da surfe, ba ita ce a sahun gaba ba. Amma akwai wani nau'i mai zafin yaɗuwa da bai damu da ƙiba ba, ya fi kama tsofaffi, kuma a Amurka an ga ya fi yawa a cikin baƙaƙen mata, waɗanda ciwon ke kashewa kusan ninki biyu na yadda yake kashe farare. Idan aka haɗa dukkan nau'o'in, in an kama ciwon yana cikin mahaifa aka cire ta, fiye da kashi 90 na matan suna wuce shekara biyar da rai. In ya riga ya watsu zuwa huhu ko hanta, ba su kai kashi 20 ba.

Hanyar gano shi a yau doguwa ce. Ana fara yin sikanin ta gaba a auna kaurin shimfiɗar. In ya kai milimita 4 ko ya haura, sai a zura siririn bututu ta bakin mahaifa a tsotso ɗan nama, ko a yi wankin ciki, a kai wa likitan da ke duba nama a madubin ƙara girma. A tsohuwa bakin mahaifa kan tsuke, aikin yana da zafi, wani lokaci ma bututun ba ya shiga ko naman da aka samo bai isa ba. Ga matar Makoɗa ko Tsanyawa, wannan na nufin babban asibitin ƙaramar hukuma tukuna, sannan takardar turawa Kano, Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala, da kwana a gidan dangi, da komawa gida, da sake dawowa karɓar sakamako. In abin ya faɗo a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma kowane hannu yana gona, sai a ce a bari a yi girbi.

Shi kansa sikanin yana da inda yake gaza mana. Dakta Kemi Doll ta Jami'ar Washinton da abokan aikinta sun wallafa wani lissafi a 2021 da ya nuna cewa dokar milimita 4 tana kama kusan kashi 88 na masu ciwon a cikin fararen mata, amma kashi 47.5 kacal a cikin baƙaƙe. Dalili biyu suka bayar. Ƙarin mahaifa, wanda ya yi yawa a cikin baƙaƙen mata, yana tare hoton har a kasa ganin shimfiɗar sosai, sannan nau'in nan mai zafi ba lalle ne ya kumbura ta ba. Ma'aunin da aka gina a jikin wasu mata ne ya zo yana kuskure a jikin wasu, kuma an yi shekaru ana amfani da shi kafin wani ya tsaya ya duba.

Wannan ya sa masana ke neman wata hanya, ta furotin. Mai karatu ya riga ya san irin gwajin ko da bai san sunansa ba. Ɗan faifan nan da ake ɗiga wa jini a asibitin sha-ka-tafi, layi biyu su fito a ce maleriya ce, furotin ɗin ƙwayar cutar yake kamawa. Tsinken gwajin ciki ma haka yake, wani sinadarin furotin da ke fita a fitsarin mai juna biyu yake nema. Jikin ɗan Adam yana ɗauke da umarnin ƙera furotin kusan iri 20,000, kuma ƙwayar da ta rikiɗe ta zama sankara tana sauya irin waɗanda take fitarwa da yawansu. Matsalar ita ce har yau ba a sami furotin guda da zai tsaya shi kaɗai ya ba da shaida a kan wannan ciwo ba. CA125, wanda aka gano a 1981, yana tashi a ciwuka da dama da ba sankara ba, kuma sau da yawa yana kwance lafiya lau alhali ciwon ya fara. Amsar tana cikin haɗuwar furotin da yawa, wannan ya ɗan hau, wancan ya ɗan sauka, kuma idon mutum ba zai iya bin ɗaruruwan lambobi a jikin ɗaruruwan mata ya ga tsarin ba.

Ga yadda aikin ke tafiya. Ana ɗaukar jini ko fitsari ko ruwan gaba, a zuba wani sinadari da ke daddatsa furotin gunduwa-gunduwa, a tura su cikin na'urar da ke auna nauyin kowace gunduwa. Daga nauyin ake gane furotin ɗin da ta fito daga jikinsa da kuma yawansa. Dabarar auna manyan ƙwayoyi irin waɗannan ce ta sa John Fenn da Koichi Tanaka suka sami kyautar Nobel a 2002. A ƙarshe kowace mace tana zama layi ɗaya mai ɗaruruwan lambobi, a gefensa an rubuta abin da likitan nama ya tabbatar: akwai sankara, ko babu.

Sai a miƙa wa kwamfuta. Ba a gaya mata doka, misalai ake nuna mata, kamar yadda manomi ke koya wa ɗansa bambanta gero da shibra a lokacin noman farko. Ba ya zaunar da shi ya karanta masa siffofi. Yana nuna masa ne, wannan bari, wannan cire, har idon yaron ya faɗa. Ɗaya daga cikin dabarun da aka fi amfani da su, wadda Leo Breiman na Jami'ar Kalifoniya ya wallafa a 2001, tana gina ɗaruruwan jerin tambayoyi. Kowane jeri ana ba shi wani yanki na matan da wani yanki na furotin, a zaɓe ba da tsari ba, ya riƙa tambaya: wannan furotin ya haura kaza? In e, wancan fa? Har ya yanke hukunci. Idan aka kawo sabuwar mace, duk jerin suna kaɗa ƙuri'a, a bi rinjaye. Bayan haka ana duba waɗanne furotin ne in an hargitsa lambobinsu hukuncin ke lalacewa, domin su ne masu ɗauke da labarin. Ta haka ake tace ɗaruruwa su koma biyar ko goma, adadin da za a iya fatan wata rana a ɗora a kan gwaji mai araha wanda ba ya bukatar na'urar miliyoyi.

A Manchesta ta Ingila, rukunin Farfesa Emma Crosbie, tare da Dakta Kelechi Njoku, sun yi wannan aiki suka wallafa shi a mujallar eBioMedicine a 2024. Sun ɗauki mata 118 da suka wuce al'ada kuma suka zo asibiti da alamun ciwo, 53 masu sankarar, 65 marasa ita. Daga kowace suka ɗauki jini, suka kuma ɗauki ruwan gaba da wani ɗan bututu mai fesa ruwan gishiri kaɗan ya zuƙo shi. Hikimar a bayyane take: mahaifa ƙasa take tsiyaya, abin da ciwon ya zubar ta nan zai biyo, tun kafin ya narke ya ɓace a cikin jinin jiki gaba ɗaya. Haka kuwa aka gani. Furotin biyar na ruwan gaba sun kama kashi 91 na masu ciwon, suka wanke kashi 86 na marasa shi. Furotin uku na jini kuwa kashi 75 suka kama, suka wanke kashi 84.

Mu juya waɗannan alƙaluma su zama mutane. A ce mata 100 sun zo da jini bayan tsufa, 9 daga cikinsu na da ciwon. Gwajin ruwan gaba zai nuna 8, ɗaya ta kuɓuce masa. Cikin 91 masu lafiya zai tsorata kimanin 13 a banza, ya sallami 78. A Ingila ribar ita ce mata 78 sun huta da zafin bututu. A Bagwai ribar ta fi haka girma, domin malamar asibiti za ta san waɗanne mata 21 ne za ta tsaya a kansu ta ce wa iyalinsu ko akuya za a sayar a tafi Kano a wannan makon. Sai dai macen nan ɗaya da aka ce mata ta koma gida lafiya tana hana ni sakin jiki da murna, kuma duk gwajin da zai zo dole ya zo da sharaɗin cewa in jini bai tsaya ba a dawo.

Akwai kuma tarihin da ke sa masana kansu taka-tsantsan. A 2002 mujallar The Lancet ta buga wani bincike da ya girgiza duniyar likitoci: kwamfuta ta duba furotin na jini ta gane duk mata 50 masu sankarar ƙwan mace, ta kuma wanke 63 cikin 66 marasa ita. Har an fara shirin sayar da gwajin. Sai Keith Baggerly da abokan aikinsa, masana lissafi a cibiyar sankara ta MD Anderson da ke Amurka, suka sake bin bayanan, suka nuna a 2004 cewa bambancin da kwamfutar ta kama yana iya kasancewa daga yadda aka sarrafa samfuran ne da yanayin na'urar, har a wuraren da babu komai sai hayaniyar awo. Gwajin bai shiga asibitoci ba. Kwamfuta ba ta san mece ce sankara ba, bambanci kawai take nema, kuma duk wanda ta fara cin karo da shi za ta riƙe. In ma'aunai sun fi mutane yawa, kamar ɗaruruwan furotin a kan mata 118, dole wasu su dace da amsa bisa katari. Maganin abin shi ne a gwada sakamakon a kan wasu mata dabam, a wani asibiti dabam, waɗanda kwamfutar ba ta taɓa gani ba. Masu binciken Manchesta da kansu sun ce aikinsu na bukatar wannan tabbatarwa.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Furotin ɗaya ya fito a jerin biyu, na jini da na ruwan gaba, sunansa haftogulobin. Aikinsa a jiki shi ne kwashe jan sinadarin da ke zuba idan ƙwayoyin jini suka fashe, kuma yana ƙarewa ne a wurin aikin. Me ya fi maleriya fasa ƙwayoyin jini a ƙasar nan? Tun a 1958 Anthony Allison da abokan aikinsa suka auna jinin 'yan Najeriya suka tarar kusan kashi ɗaya cikin uku ba a ganin haftogulobin a jininsu sam, abin da daga baya aka danganta galibinsa da maleriya. Wani daga cikin biyar ɗin garkuwar jiki ce da ake kira IgM, wadda aka san tana hawa a wuraren da maleriya ta yi katutu. Wani kuma fibirinojin ne, mai daskarar da jini, wanda ke bin jini duk inda ya zuba. To Najeriya ita ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya. Ga tsargiya a garuruwan da ke bakin ruwa, irin na kewayen madatsar Watari da ta Tomas, inda mata ke wanki da aikin lambu a cikin ruwa. Mun saba ɗaukarta ciwon yara maza masu fitsarin jini, alhali ƙwayayenta suna maƙalewa a bakin mahaifa da gaban mace su bar miki mai zubar da jini shekaru bayan haka. Ga sankarar bakin mahaifa, wadda a asibitocinmu ita likita zai fara zargi in tsohuwa ta zo da jini. Yaron da ya koyi cire shibra a jigawa, in aka kai shi fadama, zai tarar da ciyayin da bai taɓa gani ba. Ko furotin biyar ɗin nan za su riƙe gaskiyarsu a jikin matar Minjibir a watan Satumba, tana fama da zazzaɓin damina, awo ne kaɗai zai nuna, kuma a jikinta za a yi awon.

Ina ganin ƙasar Kano ta dace da irin wannan bincike fiye da yadda muke zato. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Zariya da Kano, ya fara rubutu tun shekarun 1960 a kan yankin da ke kewaye da birnin, inda ɗaruruwan mutane ke zaune a kowace murabba'in kilomita, gona na jingine da gona, ana noma ta kowace shekara da takin gida. Wannan cunkoso da ake kuka da shi wajen rabon gado, alheri ne ga mai bincike. Ma'aikaciyar lafiya ɗaya a kan babur za ta iya zaga ƙauyuka da dama a wuni, samfuri ya isa Kano kafin dare. A Asibitin Malam Aminu Kano akwai likitocin mata da likitocin duba nama da rajistar masu sankara. A Abuja akwai ma'ajiyar samfura da aka kafa a ƙarƙashin shirin H3Africa. Na'urar awon ba dole ta kasance a nan tun farko ba. Abin da ba makawa shi ne firjin da ke riƙe sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri ba tare da wuta ta yanke masa ba, da rubuta ranar da aka ɗauki kowane samfuri da hannun da ya ɗauka, da gwada kowace mace maleriya da tsargiya a ranar, don kwamfuta ta koyi raba su da abin da ake nema.

Sai batun yarda, wanda Kano ta san zafinsa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya haɗa da yara kimanin 200 a Asibitin Zana, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a a kan ko iyaye sun san abin da ake yi, har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Duk wanda zai nemi ruwan jikin tsohuwa daga wuri mafi sirri, dole mace 'yar'uwarta ce za ta zauna da ita a ɗaka ta yi mata bayani da Hausar da take ji: "Iya, ga abin da za mu ɗauka, ga inda za a kai shi, in kin ƙi ba abin da zai ragu daga maganinki." Sa hannun miji ko na ɗa ba ya wadatarwa. Kuma wadda binciken ya gano tana da ciwon, a cikin kuɗin binciken za a sa tiyatarta.

Yawan matan da ake bukata shi ne babban aiki. In ana son masu ciwon 50 kawai, kwatankwacin na Manchesta, kuma kashi 9 ne ke da shi, sai an bi mata sama da 550 masu jini bayan tsufa, kowace an ɗauki namanta an tabbatar. In ciwon ya fi ƙaranci a wurinmu saboda yawan haihuwa, adadin zai haura haka. Asibiti ɗaya zai daɗe bai tara su ba. Sai Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato sun haɗa hannu a kan tsari ɗaya na ɗauka da ajiya, kuma manyan asibitocin Bichi da Ɗambatta da makamantansu sun shiga ciki tun daga farko, domin nan ne matan karkara ke fara sauka.